Yadda Ake Sauka Daga Tsani Ba Tare Da An Ce Tsoro Ne Ba

Kai mai sana'ar wanke tagogi, da kai nake. Ba da ɗan birni nake ba, wanda inji ke ɗagawa sama kamar buhun siminti. Da kai nake, mai bin gidajen gona da makarantun ƙauye da ƙananan asibitoci, tsani a kan mota, bokiti a hannu. Na san abin da ke damunka. Gwiwarka ta fara yi maka gardama a sama, kuma ka ji labarin sandar nan ta zamani, doguwa, mai burushi a kai da siririn tiyo a ciki, wadda ake wanke tagar bene da ita mutum yana tsaye a ƙasa. Ranka ya biya, amma kana gudun a ce tsoro ne ya sauko da kai.

Ni ba na goyon bayan ƙarya, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa haka ba. Amma tunda na ga ko an hana ka sai ka yi, gara ka yi ta da tsari. Ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na ba ka tabbaci babu mahalukin da zai dubi tsabar idonka ya kira ka matsoraci. An gwada su a kan wani mutum da ake kira Ƙadangare, wanda ya samu sunan saboda yadda yake bin bango a lokacin ƙuruciyarsa. Da shi zan riƙa yi maka misali, don gani ya kori ji.

Mataki na 1: Kada ka ambaci sunan cutar

Ƙadangare bai taɓa faɗowa ba. Da ma ya faɗo, da ya samu hujja, don mai karaya kowa na tausaya masa. Shi wata safiya ce kawai, yana tsakiyar tsani a bangon wata makaranta, tsummansa ya suɓuce. Ya leƙa don ya ga inda ya faɗi, sai ya ga ƙasa ta yi nisa fiye da inda ya bar ta. Gwiwarsa ta dama ta kama rawa kamar ƙafar tela a kan keken ɗinki. Ya ce mata ta bari, ta ƙi. Ya rungume tsanin kamar wanda ya ga ɗan'uwansa da ya daɗe a tafiya. Mutumin da a da yake hawa da bokiti a hannu ɗaya yana fito, ranar sai da ya ƙarasa aikin ido a rufe.

Da ya koma gida matarsa ta ce, "Baban yara, lafiya na ga rigarka sharkaf?"

Ya ce, "Bokiti ne ya zube min."

Ka ga gwani ke nan. Ka yi koyi da shi. Tsoro kamar baƙon kare yake: in ka raɗa masa suna, ya zama na gida. Ka ce ciwon baya, ka ce iska ta yi yawa, ka ce takalminka ya sule. Komai ka ce, ban da gaskiya.

Mataki na 2: Ka ɗora wa tsani laifi, amma ka zaɓi wanda za ka kai wa ƙara

Tsani ba shi da baki, saboda haka shi ya fi dacewa da ɗaukar laifi. Ka riƙa dubansa a gaban mutane kana girgiza kai. Ka ce kayan yanzu ba su da inganci, ko da tsanin naka gadon mahaifinka ne.

Sai dai kada ka yi kuskuren Ƙadangare. Shi ya ɗauki nasa ya kai wa Mai Walda, abokinsa tun na yarinta, mutumin da bakinsa ya fi wutar waldarsa zafi.

"Duba min tsanin nan," in ji Ƙadangare. "Rawa yake yi."

Mai Walda ya jingina tsanin da bangon shagonsa, ya hau har ƙarshe da ƙaton cikinsa, ya yi ɗan tsalle a kai, ya sauko.

"Tsanin nan zai binne ka, ya binne ni, ya jira jikokinmu. A ina yake rawar?"

"A sama."

"Daga sama na sauko yanzu."

"To ni yana yi min."

"Ikon Allah," in ji Mai Walda, yana mai da tabaran waldarsa. "Tsani mai sanin ubangidansa. Sai ka riƙa ba shi haƙuri."

Darasi: mai neman shaidar zur ba ya kiran mai ido.

Mataki na 3: Ka bari shawarar ta fito daga bakin wani, sannan ka ƙi ta

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin. In kai ka fara kawo zancen sanda, an gano ka. Ka jira wani ya kawo, ka tashi da faɗa, ka bari a lallashe ka.

Ƙadangare ya yi sa'a, ko kuma haka ya zata. Wata rana da yamma yana zaune yana shafa wa gwiwarsa man zafi, matarsa ta miƙo masa waya.

"Baban yara, dubi wani abin mamaki. Mutum a ƙasa, taga a sama, kuma ga ta tana ƙyalli."

Ya duba. Ga wani can a cikin wayar, tsaye a kan ƙafafunsa biyu, a kan ƙasar Allah mai faɗi, yana ɗaga sanda yana saukewa, har da murmushi. Zuciyar Ƙadangare ta yi tsalle kamar ɗan akuyar da aka kwance. Amma ya haɗa rai, ya ture wayar.

"Wannan aikin ragwaye ne. Ni da aka sani da bango? Ubana da tsani ya ci da mu."

"Ai shi ke nan," in ji ta, ta juya za ta tafi.

A nan ka lura. Idan mai lallashin ya yi saurin haƙura, kada ka bari ya fita daga ɗakin.

"Tsaya mana. Ke ba a yi miki magana sai ki tashi? Mai da bidiyon baya in ga wurin da ya murɗa famfon. Don in san irin shirmen da ake yi a duniya."

Ya kalli shirmen har batirin wayar ya mutu. Washegari ya sanar da ita cewa ya amince, amma ta sani domin ita ya yi, tunda mata ba sa barin mutum ya huta. Ta ce ta gode. Ta juya wajen murhu kafaɗarta tana ɗan motsi, ya ɗauka hayaƙi ne ya sa ta tari.

Mataki na 4: Ka sayi kayan, ka kuma girmama ruwan

Ga abin da kake buƙata: tanki a bayan mota, famfo mai batir, tiyo mai tsawo, sanda mai zugewa kamar eriyar rediyo, burushi, da tulun tace ruwa. Wannan na ƙarshen shi ne malamin, sauran duk ɗalibai ne. Cikinsa wasu 'yan ƙwayoyi ne kamar yashi, su ke tsotse gishiri da duk wani abin da ke cikin ruwa wanda ido ba ya gani. Ruwan da ya bi ta cikinsa, in ya bushe a gilashi ba ya barin tabo. Shi ya sa ba sabulu, ba tsumma, ba robar sharewa.

Ƙadangare ya ga wannan raini ne. Ya ce, "Ruwan rijiyar da nake sha, 'ya'yana suke sha, shi ne bai isa wanke gilashi ba? Gilashin ɗan wane ne?" Ya cire tulun ya ajiye, ya cika tanki kai tsaye daga rijiya, ya nufi ƙaramin asibitin da ke bakin hanya. Ya wanke tagogi tas, ya tsaya yana yi wa masu jiran magani bayanin ci gaban zamani. Yana cikin bayanin rana ta fito sosai. Tagogin suka bushe, suka fito da ɗige-ɗige fari kamar bayan zabuwa.

Nas ta fito, ta dubi tagogin, ta dube shi.

"Malam Ƙadangare, ƙyanda suka yi? In kawo allura?"

Masu jiran magani suka yi dariyar da wasunsu suka ce sun ji sauƙi. Sai da ya mai da tulun ya sake aikin daga farko.

Girman kai gishiri ne a cikin ruwa. Ba a ganinsa sai rana ta fito.

Mataki na 5: Ka tanadi amsa, don za a tambaye ka

Za ka bar tagogi a jiƙe ka tafi, don haka tsarin yake. Mutumin ƙauye kuwa bai yarda an gama aiki ba sai ya ga an goge. Za a ce maka, "Ka manta ba ka share ba." Kada ka yi dogon bayani. Ka ɗaga kai ka dubi sama, ka ce, "Iska ce za ta ƙarasa." Duk maganar da aka faɗa ana kallon sama, hikima ake ɗaukarta.

Abu uku kuma, a gurguje. Ka dubi wayar wutar lantarki kafin ka zuge sanda, wannan ba wasa a ciki. Ka san cewa ciwon da ya bar gwiwarka wuyanka zai koma, don cuta ba ta ƙaura daga gida, ɗaki take sauyawa. Sannan ka tabbatar tagar a rufe take. Daga ƙasa, rufaffiyar taga da wadda aka ɗan sakaya duk ɗaya suke. Shugaban makarantar nan yana nan da rai, ka tambaye shi yadda aka yi shi da teburinsa suka yi wanka rana tsaka.

Mataki na 6: Kada ka sauke tsanin daga kan mota

Ka ɗaure shi a sama inda kowa zai gani. Ka riƙa goge shi. In an tambaya, ka ce, "Yana nan don manyan ayyuka." Tsoho ma ba ya jefar da takobinsa don ya daina yaƙi. Ƙadangare har fenti ya yi wa nasa, ja mai ɗaukar ido, ya riƙa yawo da shi ƙauye-ƙauye kamar wanda ke jiran a kira shi ya hau gajimare.

Na faɗa maka amfanin wannan mataki. Illarsa tana mataki na gaba.

Mataki na 7: Ka guji gidan da ake jiran fuskarka

A ƙarshen hanyar da Ƙadangare ke bi akwai wani gidan gona mai bene. A ɗakin sama wata tsohuwa ce, kowa Gwaggo yake ce mata. An ce ƙafafunta sun daina ɗaukar matakala, don haka ba ta saukowa. Ɗanta da matarsa suna wuni a gona da wajen shanu. Shekara da shekaru, duk ranar wankin taga, kan Ƙadangare zai ɓullo a tagarta, ta buɗe, ta miƙo masa kofin shayi, ta karɓi labari: wa ya yi aure, wa ya rasu, saniyar wa ta shiga gonar wa, wa aka gani a inda bai kamata ba. Shi ne rediyonta, kuma rediyo mai amsa tambaya.

Ranar farko da ya zo da sanda, Gwaggo ta ji motsi, ta zuba shayi, ta juyo da fara'arta, sai ta ga burushi yana leƙenta. Kafin ta lallaɓa ta isa tagar, mota ta bar gidan. Shayin ya huce a kan tebur.

Zuwa na biyu, ta shirya. Ta zauna a gefen taga da kwagirinta, ta cire sakata, ta yi shiru. Burushi ya hau, ya sauka, ya sake hawa. Sai tagar ta buɗe, kwagiri ya fito ya maƙalo wuyan burushin ya ja shi ciki, aka mai da taga aka danne. Ƙadangare ya ja, abu ya ƙi. Ya yi maza ya kashe famfo.

"Gwaggo, ina wuni? Ni ne. Sandata ce ta maƙale."

"Ba maƙalewa ta yi ba, ɗan nan. Kama ta na yi. Wannan mai gashin bakin da ka aiko min, na gaishe shi bai amsa ba. Na tambaye shi labarin gari, sai ruwa yake tofa min. In kana son abinka, hawo ka karɓa."

Da su biyu ne kawai, da sauƙi. Amma ranar Mai Walda yana gidan, yana gyara ƙofar garken shanu. Ya kashe injinsa, ya ɗaga tabarau, ya tako a hankali kamar wanda aka gayyata cin abinci.

"Ga babban aiki ya samu," in ji shi. "Ai don irin wannan ranar ake yawo da jan tsani. Bari in sauke maka. Ni zan riƙe."

Kafin Ƙadangare ya samo ciwon baya ko iska ko sulallen takalmi, tsani ya jingina da bango. Ya dube shi. Bai taɓa sanin tsanin ubansa yana da tsawo haka ba. Ya dubi sandarsa tana reto daga tagar tsohuwa, ita ce abincinsa da na 'ya'yansa. Ya dubi Mai Walda, wanda in ya ga abu da safe, kafin azahar ƙauye uku sun ji. Sunan da aka san shi da shi tun yana saurayi, yau zai tsaya ko ya faɗi a gindin bangon nan.

Ya yi bisimilla ya taka. Ya ƙara. Bai kai tsayin ƙofa ba gwiwar ta tuna aikinta. Tsani ya fara kaɗa bango, kaf-kaf-kaf, har kajin da ke tsakar gida suka ɗaga kai. Mai Walda ya riƙe da hannu biyu. Ƙasa yake kallo.

Taga ta buɗe.

"Kai, sauka," in ji Gwaggo. "Za ka zubo min da fentin bango. Wa ya ce maka ta nan? Gidan nan ba shi da ƙofa ne?"

Ƙadangare ya tsaya a inda yake. Tun da yake zuwa gidan, bai taɓa shiga ta ƙofa ba. Ya sauko, ya cire takalmi, ya yi sallama, ya bi matakalar ciki, mai faɗi, mai abin riƙewa a gefe. Ya tarar da Gwaggo zaune, burushinsa a kan cinyarta kamar kyanwa, kofi biyu a kan tebur.

"Zauna. Tun bara nake jin tsaninka yana kaɗa min bango kamar haƙoran mai zazzaɓi. Kana goge min taga ido a rufe, leɓe yana motsi. Kusurwar hagun nan rabonta da tsumma har na manta. Na ce wannan in ba a yi dabara ba, wata rana a kan kajina zai sauka. Shi ne da matarka ta zo gaishe ni na ce mata ta nemo maka wata hanya."

Kofin ya tsaya a hannun Ƙadangare. "Ita ma ta sani?"

"Ita da ke wanke rigar?"

"Wa kuma ya sani?"

"Ka tambayi wanda bai sani ba, lissafin ya fi sauƙi. Wancan mai ƙaton cikin da ke ƙasa, shi ya nuna wa matarka abin a waya."

"To me ya sa ba wanda ya ce min komai?"

"Mu ce me? Kai ka ce bokiti ne ya zube." Ta kurɓi shayi. "Ni abin da ya ɓata min rai ɗaya ne. Na ce a sauko da kai daga tsani, ban ce a ɗauke min kai ba."

Ƙadangare ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Gwaggo, ki yafe ni. Ke da ƙafa ta hana ki sauka, ni kuma na..."

Tsohuwa ta leƙa ƙofa, ta rage murya. "Wace ƙafa? Ƙafata ƙalau. In na sauka, rainon jikoki za a ɗora min da tsintar ƙwai. Na yi nawa. Ka riƙe sirrina, in riƙe naka." Ta miƙo masa burushin, amma ba ta saki ba. "Da sharaɗi. Ka wanke waje da wannan mai gashin bakin, sannan ka shigo ta ƙofa ka goge min ciki da hannunka. Gilashi fuska biyu gare shi. Yanzu faɗa min, da gaske ne shugaban makaranta ya yi wanka da teburinsa?"

Da ya sauko ya tarar Mai Walda ya riga ya mai da tsanin kan mota ya ɗaure.

"Na sake dubawa," in ji Mai Walda, ba tare da ya kalle shi ba. "Da gaskiyarka. Yana ɗan rawa."

Mataki na 8: Ka ci gaba kamar ba abin da ya faru

Har yau in ka tambayi Ƙadangare dalilin da ya koma sanda, zai dubi sama ya ce, "Zamani ne ya zo da ilimi." Duk wanda ke wurin zai gyaɗa kai. Matarsa ma gyaɗawa take, sai dai hayaƙi yakan sa ta tari ko ba a hura wuta ba.

Ka ga alkawarina ya cika. Babu wanda ya dubi idonsa ya kira shi matsoraci, kuma babu wanda zai kira ka. Ba don ka iya ɓoyewa ba, kada ka ruɗi kanka. Don mutane sun fi ka kunya ne, kuma sun fi son ka da rai.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a cikin duk abin da ya biyo baya. Wuyan da ya sage, tagar da ta yi ƙyanda, teburin da ya jiƙe, da burushin da aka kama aka tsare, duk suna wuyan mai sanda. In matarka ta fara tari ba hayaƙi, kada ka zo wurina. In kuma ka ga duk wannan wahala ta yi yawa, akwai gajeriyar hanya: ka buɗe baki ka ce tsoro kake ji. Ban sa ta cikin matakan ba don na san ba za ka bi ba. Ta fi tsanin tsawo.